Kafin a kai yaro gidan raino, a tambaya ko akwai kare

A Ingila, matar da ke karɓar 'ya'yan mutane a gidanta tana rainonsu don kuɗi ba ta da ikon fara aikin sai ta yi rajista, sai kuma jami'i ya zo ya ga gidan da idonsa. Za a duba matakalar bene, a duba inda take ajiye magani da wuƙaƙe, a binciki tarihin duk mai shekara 16 ko fiye da ke kwana a gidan. Amma idan akwai kare mai nauyin kilo 50 a gidan, babu ƙa'idar da ta ce a fitar da shi. An bar wa matar ta nuna yadda za ta tsare yaran daga gare shi, an bar wa sufeto ya gamsu ko ya ƙi. Tun da aka haramta mallakar karen da ake kira XL Bully ba tare da takardar izini ba a farkon 2024, tambayar ta ƙara zafi: shin ya dace babban kare ya yini gida ɗaya da jariran da aka kawo amana?

Ra'ayina a kai ba shi da kwana-kwana. Duk gidan da ake rainon ƙananan yara, kare ya kasance bayan ƙofa mai sakata tun isowar yaro na farko har tafiyar na ƙarshe, ko da kuwa an shaide shi da sanyin hali. Wanda aka turo dubawa ya ga karen da wurin da ake tsare shi, ya rubuta a rahotonsa. Iyaye kuma su yi tambaya tun kafin su biya kuɗin wata. Maganar ta shafe mu ta hanya biyu. Muna da 'yan uwa a Landan da Manchesta da ke barin yaransu a irin waɗannan gidaje kullum safiya kafin su tafi aiki. Sannan mu ma nan Gana, manyan karnukan gadi sai ƙaruwa suke a unguwanni, gidajen raino kuma suna buɗewa a kowane lungu.

Yadda tsarin Ingila yake

Hukumar da ke wannan aiki sunanta Ofsted. An kafa ta a 1992 don duba makarantu, a 2001 kuma aka karɓe rajista da duba masu raino daga hannun ƙananan hukumomi aka ba ta. Ikonta a Ingila kaɗai yake, Wales da Sikotilan kowacce na da tata hukumar. Duk wadda za ta kula da yaron da ba danginta ba, wanda bai kai shekara 8 ba, fiye da awa biyu a rana, a gidanta, don lada, dole ta yi rajista da Ofsted ko da wani kamfani da aka yarje wa yi wa masu raino rajista. Sai ta mallaki takardar koyon taimakon gaggawa na yara, ta riƙa sabunta ta duk shekara uku. An kuma yanka mata adadi: yara shida 'yan ƙasa da shekara 8 a lokaci guda, uku kawai daga cikinsu 'yan ƙasa da shekara 5, jaririn da bai cika shekara ba kuwa ɗaya tak, sai in da wani dalili na musamman kamar tagwaye. 'Ya'yan cikinta ma suna cikin lissafin.

Kundin ƙa'idojin kula da ƙananan yara da aka fara aiki da shi a 2008 bai ware kare ya hana ba. Abin da ya ɗora wa mai raino shi ne ta san haɗarin da ke gidanta, ta ɗauki matakin da ya dace, ta kuma iya nuna wa sufeto yadda take yi. Yara su kasance inda take ganinsu ko jin motsinsu. Ke nan a takarda, kare sahunsa ɗaya da tukunyar ruwan zafi da kwalbar maganin ɓera. Sai dai tukunya tana zama inda aka ajiye ta, kare kuwa yana da ƙafa huɗu da ra'ayin kansa.

A ɓangaren karnuka, babbar dokar ita ce ta 1991, wadda ta haramta jinsi huɗu, mafi shahara a cikinsu pit bull. Sama da shekara 20 dokar tana hukunta mai karen da ya yi ɓarna a titi, amma ba ta leƙa cikin gidan mai karen ba. A watan Maris na 2013 karnuka huɗu suka kashe wata yarinya 'yar shekara 14 a gidan ƙawarta a garin Atherton, kusa da Wigan. Ba a iya gurfanar da mai karnukan a ƙarƙashin wannan doka ba, don abin a cikin gida ya faru, karnukan kuma ba sa cikin jinsin da aka haramta. A 2014 aka gyara dokar ta haɗa da cikin gida, aka kuma ɗaga hukunci: har shekara 14 a kurkuku idan kare ya kashe mutum, har shekara 5 idan ya ji masa rauni.

Gyaran bai kawo ƙarshen asarar rayuka ba. A Nuwamba 2021 wani yaro ɗan shekara 10 ya bi abokinsa gida bayan an tashi makaranta a garin Caerphilly na Wales, kare ya kashe shi a can. Daga baya aka ɗaure mutum biyu. A Maris 2022 wata jaririya 'yar wata 17 ta mutu a gidan iyayenta a St Helens, karen da ya kashe ta kuwa mako ɗaya ke nan da sayo shi. Dukansu biyu XL Bully ne. A Satumba 2023 Firaminista Rishi Sunak ya sanar da cewa za a haramta jinsin. Daga 31 ga Disamba 2023 aka hana sayar da shi, kyauta da shi ko haɗa shi barbara, aka kuma wajabta sa masa takunkumi da igiya a bainar jama'a. Daga 1 ga Fabrairu 2024, ajiye shi a Ingila da Wales ba tare da takardar izini ba ya zama laifi. A lokacin, mai neman takardar sai ya yi wa karen inshora, a dandaƙe shi, a sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Karnuka fiye da 50,000 sun samu takardar, suna nan a gidaje.

To, a lura da wani abu. Takunkumin nan da igiyar nan na waje ne. Da an shiga gida an rufe ƙofa, doka ba ta hana a cire su ba. Alhali waɗannan mace-mace uku duk a cikin gida suka faru. Gaskiya ne babu ɗaya a cikinsu da ya auku a gidan mai raino mai rajista, kuma ba na so a ɗora wa matan nan laifin da ba nasu ba. Amma darasin ɗaya ne: inda yaro ya fi haɗuwa da haƙoran kare shi ne falo da tsakar gida, wurin da manya suka saki jiki.

Me ya sa ƙaramin yaro ya fi shiga haɗari

Likitocin yara sun daɗe suna faɗa cewa yawancin cizon da ƙananan yara ke samu daga karen da suka sani ne, na gidansu, na dangi ko na maƙwabci. Babba idan kare ya cije shi, galibi a hannu ne ko a ƙafa. Yaro mai tatata kuwa fuskarsa daidai bakin babban kare take, shi ya sa raunin kan zo a fuska, a kai ko a wuya. Ɗan shekara biyu bai fi kilo 12 ko 13 ba. Namijin Rottweiler yana kai kilo 50, Boerboel na Afirka ta Kudu yana wuce haka. Ko da wasa irin wannan kare ya banke yaro, ya isa ya fasa masa kai a siminti.

Sannan yaro bai iya karanta kare ba. Kafin kare ya yi cizo yakan ba da alamu: ya yi hamma ba don barci ba, ya riƙa lasar baki, ya kau da kai, farin idonsa ya bayyana, jikinsa ya sandare, sannan gurnani. Masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun gano cewa ƙananan yara da yawa idan suka ga kare ya yage baki haƙora waje, sai su ɗauka murmushi yake. Abin da yaro ke yi don nuna ƙauna, wato rungumar wuya, jan kunne, hawa baya, leƙa kwanon abinci, su ne ainihin abubuwan da ke takura kare. Ni da nake yini da yara a aji na san iyakar abin da gargaɗi ke yi. Ka ce wa ɗan shekara shida kada ya yi gudu a baranda, ya ce to, bayan minti biyar ka gan shi a guje. Ina ga ɗan shekara biyu? Tsaron da ya dogara da cewa yaro zai tuna doka, ai ba tsaro ba ne.

Hujjar masu kare

Ya kamata a saurari ɗaya ɓangaren, don ba maganar banza suke ba. Mai raino a Ingila za ta ce: karen nan shekararsa takwas a gidana, da shi na raini 'ya'yana, bai taɓa ko yi wa wani gurnani ba. Za ta ce yara suna koyon tausayi da sanin haƙƙin dabba a wurinsa, kuma akwai iyayen da suka zaɓe ta ne saboda shi. Za ta ƙara da cewa gidanta ne, idan aka ce ta zaɓa tsakanin kare da aiki, aikin za ta bari. Wannan barazana tana da nauyi, domin yawan masu raino a gida da ke rajista da Ofsted ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku tun 2015, iyaye kuma suna shan wahalar samun wurin da za su iya biya.

Shi ya sa ban ce a kori karen ba. Na ce a raba shi da yara a lokacin aiki. Ɗaki ɗaya mai sakata, ko shinge mai ƙarfi a bayan gida, ba zai kori kowa daga sana'a ba. Batun shekara takwas kuwa, Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Kare yana tsufa, haƙori ko ƙugu ya riƙa yi masa ciwo, haƙurinsa ya ragu. 'Ya'yan gida ya san warinsu da motsinsu. Jaririn da aka kawo ranar Litinin baƙo ne mai kuka da rarrafe. Kuma uwa idan ta bar ɗanta ya kwanta jikin karenta, kasadarta ce da ɗanta. Mai raino ba ta da ikon yin wannan kasada da ɗan wata. Idan ana son yara su saba da dabba, a yi shi a lokacin da aka ware, da yardar iyaye a rubuce, kare a igiya a hannun wani babba dabam, ba a hannun matar da ke goye da jariri tana riƙe da wasu biyu ba.

Akwai kuma masu ganin jerin jinsin da aka haramta ya wadatar: in kare ba ya cikin jerin, shi ke nan. Wannan ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ƙasar Holan ta haramta pit bull a 1993, a 2008 ta yanke shawarar janye haramcin bayan ta ga cizo bai ragu ba. Italiya ma ta soke nata jerin a 2009. Manyan ƙungiyoyin kula da dabbobi na Birtaniya, irin su RSPCA da Dogs Trust, sun daɗe suna sukar dokar da ke hukunta kare da kamanninsa, amma su ɗin dai ne ke nanata cewa kada a taɓa barin yaro shi kaɗai da kare, kowane iri ne. Karnukan Atherton, kamar yadda na faɗa, ba sa cikin kowane jeri. Sai dai masu cewa jinsi ba kome ba ne, tarbiyya ce kawai, su ma rabin gaskiya suka faɗa. Ƙaramin kare ya yi cizo, a yi ɗinki. Mai kilo 50 idan ya kama ya ƙi saki, mace ɗaya ba ta iya ɓamɓare shi. Don haka ƙa'idar rabawa ta hau kan kowane kare, girman kare kuma ya ƙara tsananin duba.

Iyakar ziyarar sufeto

Duk malamin makaranta ya san yadda harabar makaranta ke zama idan aka ji masu duba suna tafe. A share, a cike rajista, a manna hotuna a bango. Ba lallai ha'inci ba ne, halin ɗan Adam ne. A tsarin da Ofsted ta daɗe tana bi, ana kiran mai raino a waya 'yan kwanaki kafin ziyara don a tabbatar tana da yara a ranar, kuma a da shekara shida kan iya shiga tsakanin ziyara da ziyara, sai fa in an kai ƙorafi, lokacin ne ake iya zuwa ba sanarwa. Cikin 'yan shekaru, ɗan kwikwiyo ya zama ƙato, tsohon kare ya mutu an sayo sabo. A ranar ziyara kuwa, abu ne mai sauƙi a kai kare gidan maƙwabciya.

Saboda haka abin da ya kamata a nema daga mai dubawa ya wuce ya tambaya ko akwai takardar tantance haɗari. Na farko, ya ga karen da kansa, ya ga wurin tsare shi, ya taɓa sakatar ya ji ƙarfinta. Na biyu, ya yi tambaya kan lokutan da tsari ke karyewa: sa'ad da iyaye ke shigowa da fita ƙofa a buɗe, sa'ad da ake canza wa jariri kunzugu, sa'ad da saurayin gidan ya dawo makaranta ya buɗe wa karensa. Na uku, shigowar sabon kare ta zama abin da dole a sanar wa hukuma. A yanzu idan wani mai shekara 16 ya tare a gidan mai raino, wajibi ne ta sanar. Ban ga dalilin da zai sa ƙanin mijinta ya zama abin sanarwa, kare mai kilo 50 bai zama ba, musamman in muka tuna karen St Helens mako ɗaya ya yi a gidan. Na huɗu, a rubuta batun kare a rahoton da ake wallafawa a intanet, don iyaye su karanta kafin su zaɓa. Na biyar, duk cizo, kome ƙanƙantarsa, a kai rahotonsa, ya kuma jawo ziyarar ba-zata.

'Yan uwanmu da ke can, ku sani kuna da haƙƙin karanta rahoton mai rainon ɗanku a shafin hukumar, da haƙƙin kai ƙorafi. Kada tsoron a ce baƙo ya cika fitina, ko a ce ƙyamar kare ce ta addini, ya rufe muku baki. Tambayar inda kare ke zama da rana tambaya ce da Baturen uba ma yake yi.

Mu a nan gida

Wani zai ce, yo mu Musulmi me ya haɗa mu da kare? Gaskiya ne yawancinmu ba ma shigar da kare ɗaki, wanda ya ajiye ma don gadi ko farauta ne, kuma wannan kansa kariya ce ga yaranmu. Amma a ƙasar nan ba mu kaɗai muke zaune ba. A gidan haya a Nima, Ashaiman ko Aboabo, mai gida ko maƙwabci na iya samun kare. Gidan rainon da ya fi kusa da tashar mota wataƙila na wata baiwar Allah ce da maigidanta ke kiwon karnuka. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, Alhazanmu da suka gina manyan gidaje a Adenta da Kasoa su ma suna sayen Boerboel da Rottweiler saboda tsoron 'yan fashi, jikoki kuma suna zuwa hutu.

Akwai ma abin da ya sa ɗanmu ya fi shiga haɗari. Yaron da ya tashi da tsoron kare, da ya gan shi sai ihu da gudu, wani ma har da jifa. Gudu kuwa shi ke tayar wa kare da halin farauta. Ya kamata a koya wa yaran da suka yi wayo cewa idan kare ya tunkaro, a tsaya cik, a naɗe hannu a ƙirji, kada a zuba masa ido. Idan ya kayar da kai, ka dunƙule ka rufe wuya da fuska. Wannan darasi ne na minti goma da kowace makarantar firamare da ta Islamiyya za ta iya bayarwa. Amma ɗan ƙasa da shekara huɗu, ƙofa ce kaɗai maganinsa.

Karen gadi irin namu ma ya fi na Ingila haɗari ta wata fuska. Yini yake a ɗaure ko a keji, ba ya cuɗanya da mutane, da dare a sake shi, an kuma koya masa cewa duk baƙon da ya shigo abokin gaba ne. Uwar da za ta kama kasuwar Makola ko Kejetia tana kai ɗanta tun ƙarfe shida na safe. Idan yaron gidan ya makara bai mayar da kare keji ba, to ita da goyonta su ne baƙin farko da zai gani.

Doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta ce ba a buɗe wurin rainon yara da rana sai da izinin Sashen Jin Daɗin Jama'a, ta kuma ɗora wa sashen ya riƙa zagayawa yana dubawa. Dokar ilimi ta 2008 ta sa shekara biyu na ajin share fage, daga shekara 4, cikin ilimin tushe, kuma tun 2020 akwai hukumar duba makarantu ta ƙasa, NaSIA. 'Yan ƙasa da shekara 4, waɗanda suka fi rauni, suna hannun jami'an jin daɗin jama'a da majalisun gundumomi. Duk wanda ke zaune a zango kuwa ya san matan da ke tara yara biyar ko shida a baranda, waɗanda babu jami'in da ya san da zamansu. Ba na kiran a rufe su. In an rufe, ina mai sayar da koko da mai ɗinki za su kai 'ya'yansu? Abin da nake kira shi ne majalisun gundumomi su sauƙaƙa rajistar ƙananan masu raino, mai araha, a kusa, sannan a sa tambaya uku a takardar dubawa: akwai kare a gidan ko a harabar? Ina ake tsare shi da rana? Ina katin allurarsa daga likitan dabbobi?

Tambaya ta ukun ita ce inda muka bambanta da Ingila, wadda ta rabu da cutar haukan kare a dabbobin ƙasa tun 1922. Mu tana nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 na waɗanda ake ciza kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tashi. Ke nan a wurinmu ɗan ƙarzanen da Bature zai manna wa filasta yana iya zama ajali. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Kada a tsaya shafa toka ko wani ƙulli. Kada kuma a yi saurin kashe karen in ana iya tsare shi lafiya. Ma'aikatan dabbobi kan sa masa ido kwana 10, amma allurar yaro ba ta jiran wannan. Mai rainon da ta ɓoye wa uwa cizo don tsoron rasa ciniki, ta sani da ran yaro take wasa.

Nauyin da ya rage kan iyaye

Ko a Ingila mai kuɗi da ma'aikata, sufeto yini ɗaya yake zuwa cikin shekaru. Uwa kuwa kullum tana ƙofar gidan sau biyu. Babu mai dubawa da ya kai ta. Kunya ce ke hana mu tambaya, kada a ce mun raina gidan mutane. To ana iya yi cikin ladabi: Anti, don Allah akwai kare a gidan nan? Zan iya ganin inda yake kwana? Wa ke buɗe masa, kuma da ƙarfe nawa? An yi masa allurar bana? Matar kirki ba za ta ji haushi ba, za ta ma kama hannunki ta nuna miki. Wadda ta ce ai ba ya cizo, ta tsaya nan, ba ta amsa tambayar ba. Wata rana kuma ki zo ɗaukar yaro kafin lokacin da kika saba, ki ga yadda gidan yake idan ba a sa ran kowa. Iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Wanda ke biyan kuɗin wata ya taka ya ga wurin ko sau ɗaya.

Masu karnuka a cikinmu kuma, Alhaji, idan ka iya sayen kare na dubban sidi, ka iya gina masa keji mai ƙofa biyu da yi masa allura duk shekara. Ranar suna ko biki, da lokacin hutu da jikoki ke cika gida, makullin kejin ya kasance a aljihun babba ɗaya da aka sani, kada a bar shi rataye inda ɗan shekara bakwai zai kai hannu.

Ingila sai da ta binne yara kafin ta gyara dokarta a 2014, ta sake binne wasu kafin ta 2024, har yanzu kuma ƙa'idarta ta gidan raino ba ta fito fili ta ce a raba kare da jarirai ba. An ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya. Kafin mai zuwa, ina roƙon sarakunan zango, limamai da wakilanmu a majalisun gundumomi su zauna da jami'an jin daɗin jama'a da likitocin dabbobi na yankinsu, a san gidajen raino nawa ne a unguwa, a san wanne ne ke da kare, a tabbatar kowane yana da keji da katin allura. Aiki ne da ba ya bukatar sabuwar doka ko kuɗi daga Akra. Allah ya tsare mana zuri'a, ya raya mana su.